Inda Sata Ta Fi Yawa

A wani gari, sunansa ya kwanta mini, Ciyaman ya ce a rushe gidan Jatau tela a gina ofishin 'yan sanda.

Jatau ya je ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, me ya sa sai nawa?"

"Inda sata ta fi yawa ake ginawa. Nuna mini inda ya fi unguwarku, in bar maka gidanka."

"Mu kaji ake sace mana. To, kwaltar da aka ce an shimfiɗa mana fa?"

"Wanda na gada ne ya cinye ta!"

"A ina ya zauna ya cinye ta?"

Ciyaman ya dubi kujerarsa.

Har yau keken Jatau yana ɗinki a zaurensa.