Inuwar Mijin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A can da, zamanin da fitilar aci-balbal ce hasken kowane ɗaki, an yi wata Bushiya mai kaɗin auduga. Ku 'yan zamanin lantarki ba ku san daɗin hasken nan ba. Mijinta ya rasu, ya bar ta da 'ya'ya biyu ƙanana. Da magariba takan kunna fitila, ta zauna tana murza mazari, kewarsa na cin ta.

Kura ta ji labari. Ta zo bakin ƙofa tana lashe baki, wai ta zo gaisuwa, ko maigida na ciki?

Bushiya ta san 'ya'yanta ake so. Ta ja da baya ta kāre su, har ta kusa taɓa fitila. Sai ga inuwarta ta cika bango, ƙayoyin nan kamar tsinin mashi. Daga ƙofa kuwa bangon kaɗai ake hange.

"Ga shi nan zaune," in ji Bushiya.

Kura ta leƙa. Ta ce a gaishe shi, ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Washegari ta dawo, wai ta ji an ce ya mutu. Bushiya ta sauke fitila ƙasa, ta matsa jikinta. Inuwa ta miƙe har rufin ɗaki.

"Kin sa ya tashi tsaye. In ce ya fito?"

"A'a, kada ya wahalar da kansa."

Rana ta uku Kura ta zo da wayonta. Ta ce Bushiya ta fito su gaisa, maigida ya yi zamansa. Bushiya ta san in ta bar gindin fitila inuwa za ta ƙanƙance, sai ta ƙi.

"To ni ga ni nan shigowa," in ji Kura.

Tana kutsa kai, Bushiya ta tura fitila bayan Kura. Kura ta ɗaga ido, ga wani dodo a bango, kai ya fi turmi. Ta buɗe baki, ya buɗe. Ta zabura, ya zabura. Ta juya a guje, ƙugunta ya daki saman ƙofa.

Bushiya ta koma gefe tana haki, inuwarta ta zama 'yar mitsitsiya. Sai autarta, wadda ba ta san ubanta ba, ta ja ta.

"Inna, Baba ya tafi? Ki koma kusa da fitila ya dawo."

Bushiya ta koma, hawaye na zuba, ta zauna a nan har yaran suka yi barci.

Shi ya sa har yau ƙugun Kura a sauke yake, kuma ba ta yarda ta kusanci wuta.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera ya faɗa randa.