Wutar da Aka Aiki Barde Ɗebowa

A zamanin da, a wata ƙasa da ba sai na faɗi sunanta ba, an yi wani sarki da ya gaji labari tare da gadon sarauta. Mai ba da labarin sunansa Mantau. Tun sarkin yana yaro a gaban mahaifinsa, Mantau ya fara labarin wani jarumi wai shi Barde Kurungu, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Sarki ya yi furfura, Mantau ya zubar da haƙora, Barde Kurungu bai iso gida ba.

Abin da ya ja labarin kuwa abin ƙyama ne. Kowane basarake so yake a ji kakansa a ciki. Galadima ya aika da riga, sai ga kakan Galadima ya ceci Barde daga bakin kada. Madawaki ya aika da rago, sai ga nasa kakan a kan doki. Har Sarkin Fawa sai da ya cusa nasa, da wuƙa a hannu. Tir!

Da ciwo ya kama sarki, ya ce, "Mantau, ba zan mutu ban ji ƙarshen labarin nan ba. Ka ƙare shi, ko a tuɓe maka rawani a kai ka bakin iyaka."

Juma'a ta zo. Mantau ya durƙusa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, sai Barde ya farka, ashe duk mafarki yake yi."

Sarki ya tofar da yawu. "Tun ina yaro nake zaune ina sauraron barcin wani ƙato? Sake!"

Juma'ar gaba, Mantau ya saukar da ambaliya a labarin, ta cinye kowa da kowa. Galadima ya miƙe. "Kakan nawa da ya kashe kada, shi ne zai nutse a ruwa? Maido mini rigata, tsohon banza!" Fada ta kaure, manyan mutane da gemu suna zage-zage a kan kakannin ƙarya.

Waziri Jibir, wanda bai taɓa aika wa Mantau ko goro ba, ya bari suka gaji, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni izinin tambaya ɗaya. Mantau, ranar da Barde ya fita daga gida, me ya fita nema?"

Mantau ya ce takobi. Ya ce a'a, 'yar sarkin aljanu. Galadima ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya sani, har mai labarin.

Sarki ne ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa. "Ni na tuna. Uwarsa ce ta ba shi kasko ta ce ya ɗebo mata wuta a maƙwabta, za ta ɗora tuwo."

Waziri ya ce, "To, Mantau, ka ji. Matar nan har yanzu tana tsugune a gaban murhu."

Sai Mantau ya ce, "Barde ya ajiye takobi a zaure, ya shiga maƙwabta ya yi sallama, aka zuba masa garwashi. Ya tarar da uwarsa ta tsufa, ido ya dushe. Ya fara ba ta labarin kada da aljanu, ta ce, 'Miƙo wutar, ka daɗe.' Ta hura, ta ɗora tukunya, suka ci."

Sarakuna suka yi ta gunaguni, wai ba a ambaci kowa nasu ba. Sarki ya share ido da hannun riga ya ce, "Alhamdu lillahi, ya iso."

Aka bar wa Mantau rawaninsa, aka sa ya mayar da riguna, aka hana shi buɗe sabon labari. Sarki ya kafa doka: duk mai son ba da labari a fada, sai ya fara raɗa wa waziri ƙarshensa a kunne.

Ni kam har yau, in na ji wani yana jan zance yana ƙara aljanu a kan aljanu, ba na jira. Katse shi nake yi in ce, "Malam, wutar fa?"