Ciwon da Aka Ƙaƙaba wa Lado

Akwai wani mutum a Jidda mai suna Hashim, haifaffen unguwar Karantina, wanda Allah ya buɗa wa hanya. Yana aiki a wani kamfanin jigilar kaya ta ruwa, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ba ta taɓa mutuwa ba, yana zaune a unguwar Bani Malik da matarsa Sajida da 'yarsu Rumaisa. In ka ji shi yana Larabci a waya, ba za ka ce kakansa daga Damagaram ya zo ba.

Yana da aboki tun na yarinta, sunansa Lado. Tare suka tashi a lungunan Karantina. Lokacin da aka rushe unguwar, Hashim yana wajen aiki, Lado ne ya nemo mota ya kwashe kayan mahaifiyar Hashim.

Lado yadi yake sayarwa a kasuwar Bab Makka, a shagon kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa. Mutum ne mai jiki, mai dariya da ƙarfi, ga yawan gumi ko ana sanyi. Duk inda ya hango abokinsa sai ya ɗaga murya: "Hashimu na Gwaggo!" Sunan da ake kiransa da shi ke nan tun suna yara. Ko a gaban wa ne, Lado bai damu ba.

Lado ne ya fara kawo maganar tafiyar. Wata Juma'a bayan sun ci abinci, ya miƙa wa Hashim wayarsa. Wasu mutane ne suke tafiya a ƙafa cikin wani gandun daji a Zambiya, layi ɗaya, jagora a gaba, mai bindiga a kusa da shi, ga giwaye can suna shan ruwa. Haka ake yin kwanaki ana tafiya daga zango zuwa zango, ana kwana a tanti.

"Ya akhi, dubi nan," in ji Lado. "Kowa a Jidda 'yan Afirka yake ce mana, mu kuwa ko giwa ba mu taɓa gani ba sai a talabijin. Yalla mu je, ni da kai."

Hashim ya yi dariya, amma abin ya shiga ransa. Da ya je ofis ya kai wa abokan aikinsa Mazen da Sa'ud labarin, kamar shi ya ƙirƙiro. Nan take suka ce da su za a je.

Hashim ya ɗauki ragamar shirin. Ya bincika kamfanonin yawon buɗe ido har ya zaɓi ɗaya. Ya gano cewa da rani ake zuwa, lokacin da ciyawa ta kwanta, namun daji suka taru a bakin ruwa. Ya sanar da kowa batun allurar rigakafi da maganin zazzaɓin sauro, da takalmin da za a saya, da cewa ba a sa farin kaya a daji. Ya ba kamfanin sunayensu su huɗu da lambobin wayarsu. Lado kuwa ya yi ta bin kafilinsa da lallami har ya yarda zai ba shi hutu, ya yi masa bizar fita da dawowa.

Sai aka yi zaman farko su huɗun, a wani shagon gahawa na 'yan gayu.

Lado ya shigo a makare, yana share gumi da gefen hularsa. Ya tambaya ko za a bar shi ya tafi da yaji da kilishi. Da Sa'ud ya ce an hana gudu in an haɗu da zaki, sai Lado ya shafa tumbinsa ya ce, "Ni ai da ma ba gudu zan yi ba. Ku tafi abinku, ni kaɗai na ishe shi har mako."

Mazen ya yi dariya har yana buga tebur. Sa'ud ma haka.

Hashim bai yi dariya ba. A kunnensa, ba da Lado ake dariyar ba, shi ake yi wa. Ya shekara da shekaru yana gina kansa a idon mutanen nan, ga shi Karantina ta biyo shi har kan tebur, tana gumi, tana neman yaji. Ya hango kwanaki a daji, Lado a ƙarshen layi yana haki, ana jiransa, yana kiran "Hashimu na Gwaggo" a gaban Turawa.

Washegari ya kira kamfanin. Wata ma'aikaciyarsu mai jin Larabci ta ɗauka. Ya ce a cire sunan Lado. Da ta tambayi dalili, abin da ya fara zuwa bakinsa ya faɗa: "Yana da ciwon zuciya. Likita ya hana shi."

Shi kuwa Lado, a waya ya ce masa, "Ma'alesh, ya akhi, ka yi haƙuri. Ka san ba sa ɗaukar mutane da yawa a tafiyar ƙafa. Sun ce gurbi uku kaɗai ya rage."

Lado ya ce, "Halas, ba komai. Allah ya kai ku lafiya. Ka ɗauko mini hoton giwa."

Mazen da Sa'ud ma haka aka gaya musu. Suka nuna ba su ji daɗi ba, Mazen har ya ce, "Khasara, mutumin nan da ya sa mun sha dariya." Hashim ya yi kamar bai ji ba.

Sajida ce kawai ta tsare shi da ido. "Abu Rumaisa, ba Lado ne ya kawo maganar nan ba? Ya aka yi shi ne ba gurbi?"

"Haka kamfani suka ce," ya amsa, yana duban waya.

Suka fara motsa jiki a bakin teku bayan sallar asuba, don ƙafa ta saba. Abin da ya fi damun Hashim shi ne Lado bai daina zuwa ba. Kullum sai ga shi da gorar ruwa da dabino a leda.

"Ba zan je ba, amma tumbin nan yana bukatar tafiya," yake cewa.

Yana bin su a baya, yana haki, ba ya tsayawa. A hankali hakin ya ragu. Hashim kuwa duk lokacin da Lado ya miƙo masa dabino, sai ya karɓa yana kallon teku.

Ana saura 'yan makonni a tashi, Hashim da Mazen da Sa'ud suka fita bayan gari ta hanyar Ɗa'if don gwada hawan dutse. Wajen saukowa Hashim ya taka wani dutse ya goce. Ya ji wani abu ya yi ƙara a gwiwarsa, ya zube. A asibiti likita ya ce jijiya ce ta yage. Maganar tafiyar ƙafa a daji, ya ce a manta da ita sai wata shekarar.

Lado ne ya fara isowa asibitin. Kuma shi ne ya riƙa barin shago wajen maƙwabcinsa yana kai Hashim gashin ƙafa, yana tallafe shi a matakalar gidansu. Hashim yakan ji nauyinsa duka a kafaɗar mutumin nan, sai ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Wata ranar Asabar da la'asar, Mazen da Sa'ud suka zo dubiya. Lado yana nan, yana zuba shayi. Ana cikin hira Mazen ya tafa hannu.

"Wallahi mun yi wauta! Gurbin Hashim ya buɗe. Ga Lado, ya saba da tafiya, an ba shi hutu. Me muke jira?"

Hashim ya yi saurin cewa, "Bari, zan kira su gobe."

"Wace gobe? Yalla, yanzu." Mazen ya riga ya danna lambar, ya buɗe muryar wayar, ya ajiye ta a tsakiyar faranti.

Matar nan mai jin Larabci ce ta ɗauka. Ta jajanta wa Hashim. Da Mazen ya faɗi sunan wanda zai maye gurbin, sai ta ce:

"Sayyid Lado? Ai ba zai yiwu ba. Sayyid Hashim da kansa ya ce mu cire shi saboda ciwon zuciya. Ni na kira shi ma daga baya na yi masa sannu, na ce muna da tafiyar mota ga masu irin lalurarsa. Ya tabbatar mini da haka ne. Ba ma ɗaukar mai ciwon zuciya a tafiyar ƙafa."

Sa'ud ya ajiye kofinsa a hankali.

Hashim ya kasa ɗaga kai. Ba tonuwar ƙaryar ba ce ta fi dukansa. Maganar ta biyu ce. Ashe ta kira Lado. Ashe tun ranar ya sani. Ya sani yana zuwa bakin teku da dabino. Ya sani yana ɗaukarsa a matakala.

Lado ya matso kusa da wayar, ya gyara murya. "Na'am, ya ukhti, haka ne. Amma ai na samu sauƙi, alhamdu lillah. Ɗan abu ne kawai..."

"Lado, bari," in ji Hashim.

Ya jawo farantin gabansa.

"Ya ukhti, ni ne Hashim. Mutumin nan ba shi da ciwon komai. Ƙarya na yi miki. Gurbi ma bai ƙare ba, ni na ce wa abokaina ya ƙare. Ba na so ya bi mu ne kawai."

Matar ta ce tunda maganar ta riga ta shiga wajensu, sai likita ya duba Lado ya tabbatar. Ta yi sallama a taƙaice.

Mazen ya daɗe yana kallon Hashim. "Lesh, ya Hashim? Don me? Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba. Kunyarsa nake ji a gabanku."

"A gabanmu?" Mazen ya dubi Sa'ud. "Mu da muke cewa in ba shi tafiyar ba za ta yi daɗi ba?"

Suka ƙarasa shayinsu don ladabi, suka tafi. Lado ya tattara kofuna ya miƙa wa Sajida a bakin ƙofa, ya yi sallama. Ranar bai kira kowa da sunan Gwaggo ba.

Ranar ganin likita, Hashim ya ce sai ya bi shi. Ya ɗingisa da sandunansa har asibitin, ya zauna a benci yana jira. Da Lado ya fito ya ce an duba, zuciyarsa lafiya lau, sai ya zauna a gefensa.

"Don me ka ce mata haka ne?" Hashim ya tambaya. "Don me ba ka ce ƙarya na yi ba?"

Lado ya goge goshinsa. "Baƙuwa ce, a wata ƙasa. In ce mata ɗan'uwana maƙaryaci ne? Ban iya ba."

"To don me ba ka zo ka zage ni ba?"

"Na so. Wallahi ranar na rufe shago, na taho har ƙofar gidanka. Sai na ga Rumaisa a taga tana ɗaga mini hannu, na juya." Ya juyo ya dube shi. "Hashimu, na yafe maka, tun ba yau ba. Amma kada ka ɗauka bai yi mini ciwo ba. Da ka ce mini kai tsaye, Lado, ba na so ka zo, da na yi fushi na kwana biyu, halas. Abin da ya tsaya mini shi ne ka rasa abin da za ka laƙa mini sai cuta."

Hashim ya rufe fuskarsa da tafin hannu. Mutane suna wucewa suna kallon babban mutum yana kuka a bencin asibiti, wasu suna zaton mummunan labari likita ya ba shi. Lado bai ce masa ya yi shiru ba. Ya bar shi har ya gama, sannan ya miƙo masa sandunansa.

Lado ya tafi Zambiya tare da Mazen da Sa'ud. Ya yi tafiyar daga farko har ƙarshe da ƙafarsa. Hashim yana gida, ƙafa a kan matashi.

Abotarsu ba ta mutu ba, har yau suna tare. Amma Mazen da Sa'ud, waɗanda don su aka yi ƙaryar, sun ja baya da Hashim. Gaisuwa ce kawai a ofis. In suna son fita cin kifi a ƙarshen mako, Bab Makka suke biyawa su ɗauki Lado.

Darasi: Kada ka ji kunyar mutumin da ya san ka tun ba ka da komai don ka burge waɗanda suka san ka jiya. Sau da yawa abin da kake ɓoyewa ba ya damun kowa sai kai, ƙaryar da ka yi don ɓoye shi ita ce za ta zubar da kai. In kuma wani ya yi shiru a kan laifinka, ba wauta ba ce, mutuncinka yake tsarewa. Idan akwai wani Lado a rayuwarka da ka ture gefe, kira shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake bukatar jin wannan.