Tudun da Ya Koma Rami a Bayan Wata

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku, don ni ta fi ƙarfina.

A wata jami'a an yi ɗalibai uku masu koyon auna duniyoyin sama da zana taswirarsu: Barau, Saudatu da Tanimu. Malaminsu ya haɗa su aiki ɗaya, su zana wani yanki na bayan wata daga hotunan da kumbo ya aiko. Ya ce gurbin ƙaro karatu a waje ɗaya ne tak, na wanda ya fi taka rawa. Daga wannan rana zumunci ya yi sanyi, ko salla mutum zai fita sai ya kulle kwamfutarsa.

Barau mai kaifin ido shi ya hango wani ɗigo da babu shi a tsofaffin taswirori, ya ce tudu ne. Ba don shi ba, da babu abin nunawa. Amma ya ja bakinsa ya yi gum har zango ya kusa ƙarewa. Wai yana tabbatarwa ne. Wai.

Saudatu ta auna inuwar ɗigon, ta haɗa da tsayuwar rana, ta fitar da tsawonsa, lissafin da ya gagari mazan biyu. Sai dai malam ya riga su ganin sakamakon. Ta ce a hanya suka haɗu, alhali ofishinsa yana can ƙuryar bene.

Ranar gabatarwa, gaban manyan baƙi, Tanimu ya miƙe.

"Malam, a juya hoton. Ta hagu rana ta haska, ba ta dama ba."

Ana juyawa, tudun ya lotsa ya koma rami, tsawon da Saudatu ta auna ya zama zurfi. Da taswirar ta fita da tudu a jikinta, da sashensu ya sha kunya. Barau kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. Saudatu ta rantse ta taɓa ganin Tanimu yana jujjuya wannan hoton yana murmushi, tun da daɗewa.

"Tun yaushe ka sani?" in ji ta.

"Yanzun nan," ya ce, bai yarda sun haɗa ido ba.

Ni dai ban ga mai hannu a wanke a cikinsu ba, ga shi kuma dole mutum ɗaya ya hau jirgi. To, da ku ne malamin nan, wa za ku ba gurbin: wanda ya gano ya ɓoye, ko wadda ta auna ta zagaye, ko wanda ya gyara bayan ya bari an taru?