Mai Gadin Igiya a Saman Bene

Akwai wani mai wanke gilasan dogayen benaye, abokan aiki suna ce masa Ƙadangare saboda yadda yake bin bango. Gwani ne, ba ƙarya. Matsalarsa ɗaya, ba ya iya zama wuri ɗaya ko na minti biyar.

A ƙa'idar aikinsu, kowa da igiya biyu yake sauka, ta aiki da ta ko-ta-kwana. Sannan dole mutum ɗaya ya zauna a sama yana gadin igiyoyin, kada wani ya taɓa su. Ranar nan layi ya zo kan Ƙadangare, ƙaninsa Auta kuma shi ne zai sauka.

"Haba Oga, ni za a ba gadin igiya? Gudu za ta yi?"

"Zauna dai," in ji Oga, ya tafi ɗaya ginin.

Auta ya ɗaure bel, ya gyara hular kwano, ya ce, "Yaya, a sha hutu lafiya." Ya zura ƙafafu ta bakin katanga, ya ɓace.

Wayyo zama! Ƙadangare ya zauna, ya miƙe, ya zagaya tankin ruwa, ya dawo. Ya ciro waya, caji ya kusa ƙarewa. Ya leƙa ƙasa, ga Auta can yana lilo yana fito. Haushi ya ƙara kama shi. Rana ta buɗe, robar ruwansa ta ƙare.

"Yanzu zan sayo ruwa in dawo, wa zai sani?" ya ce a ransa.

A matakala ya yi karo da wani mai walda yana hawowa, injin yankan ƙarfe a kafaɗa, wayar injin na jan ƙasa a bayansa.

"Sannu da aiki."

"Yauwa sannu. Ƙafar tankin can zan gyara."

Ƙadangare har matsa masa ya yi ya wuce. Ya ci gaba da sauka yana tunanin ruwan sanyi. Sai da ya ji kukan injin daga sama sannan ya tuna. Igiyoyin Auta ta gindin tankin suka bi!

Bai san yadda ya hau matakalar nan ba. Yana banko ƙofa ya ga tartsatsin wuta na zuba kan igiyoyin kamar ruwan famfo. Mai walda ya ba su baya, bai ma san da rai a jikinsu ba. Ƙadangare ya yi ihu, ƙarar inji ta cinye muryarsa. Sai ya faɗa kan igiyoyin ya rufe su da jikinsa, wuta na cin hannunsa, ya kai ƙafa ya fizge wayar injin.

Da ya ɗaga, igiyar aiki ta narke har rabi. Ta biyun ma ta fara baƙi. Mai walda ya ɗora hannu a ka yana salati.

Ƙadangare ya danna oba-oba, 'yar rediyon da suke magana da juna a wajen aiki. "Auta, kar ka motsa. Ga sabbin igiyoyi nan zan sako maka, ka koma kansu."

"Lafiya, Yaya?"

"Yi abin da na ce!"

Da Auta ya hawo, gumi sharkaf, sai ya fara tsiyarsa. "Kai dai ka more, Yaya. Mu muna shan rana, kai ka wuni a zau..."

Idonsa ya sauka kan igiyar, sannan kan hannun yayansa da ya sale.

"Allah ya sa kana nan," ya ce a hankali.

Ƙadangare ya fashe da kuka kamar yaro. "Ba na nan, Auta. Wallahi ba na nan. Ruwa na tafi saye."

Darasi: Kada ka raina aikin da aka ba ka don ka ga kamar zama ne kawai. Wani lokaci ran ɗan'uwanka ne a rataye a kan haƙurinka. Ku tura wa duk mai ganin ya fi ƙarfin inda aka ajiye shi.