Motar Da Aka Saya Da Sunan Renita

Akwai wata yarinya mai suna Renita a garin Gary da ke ƙasar waje, kuma a ranar Lahadin da nake ba ku labari tana tsaye a kicin ɗinsu, ko kayan coci ba ta cire ba, suna sa-in-sa da yayanta Terrell.

"Na ce ba zan faɗa ba."

"Ke dai taurin kai ya yi miki yawa. Magana ɗaya ce fa. Motarki ce, kin ara min. Mene ne abin wahala a nan?"

"Yaya, da wane kuɗin na saye ta? Da na suyar kaza?"

"Sai ki ce tari kika yi."

"Ni da ko lasin ba ni da shi?"

Mamansu, Loretta, tana ta goge teburin da ta riga ta goge. Ga kaza, ga makaroni da cuku, ga burodin masara, duk sun huce babu wanda ya kalle su.

Bari in gaya muku yadda aka zo nan, a gurguje.

Terrell dogo ne har sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, kuma shi ne tauraron ƙwallon kwando na wata babbar jami'a. A lokacin doka ta hana ɗan wasan jami'a karɓar ko sisi. Karatu kyauta, ɗaki, abinci, shi ke nan. Wanda aka kama ya karɓa, an raba shi da wasa.

Sai ga wani dillalin motoci, Mista Haskell, wanda kujerarsa ke layin gaba a duk wasa. In an tashi sai ya miƙa wa Terrell hannu su gaisa, kuma in ya sake shi akwai kuɗi a nannaɗe cikin tafin yaron. Daga nan aka koma kyautar mota, baƙa wuluk, sabuwa dal. Tunda ba za a sa sunan ɗan wasa ba, aka sa na ƙanwarsa Renita da ta cika sha takwas. Terrell ya ce mata ba komai ba ne, ta sa hannu kawai. Ta sa, tana sauri kar bas ta wuce ta.

Tun daga lokacin kan Terrell ya kumbura. Ya daina ɗaukar wayar abokan unguwa. In ya zo gida sai ya riƙa kiranta "'yar bas" yana dariya.

Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, Mista Haskell ya fara neman ladan kyautarsa. "Ban ce ku faɗi wasa ba, ɗana. Ku ci. Amma kar tazarar ta yi yawa." Ashe mutanensa caca suke a kan tazarar maki. Sai ga Terrell da ba ya kuskure jifa ya koma ɓarar da ƙwallo a ƙarshen wasa, har masu lura suka lura.

Ran Juma'a da rana, mace da namiji cikin kwat suka shigo shagon kazar da Renita ke aiki. Jami'an bincike ne na gwamnatin tarayya. Ba su ɗaga murya ba. Macen ta yi murmushi ta ce, "Motar nan taki, bakin tankin mai hagu yake ko dama?"

Renita ba ta taɓa tuƙa motar ba, balle ta sani.

"Ba komai. Ki same mu ofis ran Litinin. Amma ki sani, yi mana ƙarya laifi ne mai zaman kansa, ana ɗaure mutum a kai."

Tun daga ranar, ko mota ce ta rage gudu a ƙofar gida sai ta leƙa ta taga.

To mu koma kicin. Ana cikin rigimar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Renita ta riƙe gefen tebur. Mista Haskell ne da kansa, riƙe da kek, yana ƙamshin turare.

"Uwar gida, barka da hutawa. Ina 'yar tamu? Au, ga ta. Kin rame, 'yata."

Ya ja kujera ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Abin nan mai sauƙi ne. Yanzu za mu je filin ajiye motoci na cocinku, tunda an tashi. Yayanki ya koya miki kunna ta, ki zagaya kaɗan. Ki haddace inda komai yake. Mu matso da kujerar gaba daidai ƙafarki. Gobe ki je ki yi musu murmushi."

"Yallaɓai, in suka gane fa?" in ji Renita.

"Ba za su gane ba."

"In suka gane, wa za a ɗaure?"

Ya dube ta, murmushin na nan amma idon ba ya dariya. "Kina tashi daga aiki ke kaɗai, ko? Kina tsayuwa a tashar bas da ke bayan shago. Wurin nan ba shi da kyau ga yarinya. Ni dai ina damuwa da ke ne."

Renita ta kalli Terrell, tana jira ya ce wani abu. Wannan ƙaton da dubban mutane ke kiran sunansa sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Mama ta ce a hankali, "Renita, wasanni kaɗan suka rage masa a ɗauke shi gasar ƙwararru. Ki taimaki ɗan'uwanki. Duk wahalarmu ta ƙare."

"Mama, ni fa? Ni ba 'yarki ba ce?"

Kafin Mama ta amsa wayar Terrell ta yi ƙara. Kocinsa ne. Ya ɗauka yana "Na'am, koci... a'a, koci... wa ya ce..." Sai ya sauke wayar.

"An dakatar da ni. Wai kar in taka filin. Wani a cikin 'yan wasanmu ya riga ya yi magana."

Mista Haskell ya miƙe, ya gyara rigarsa a nitse.

"Yallaɓai, ka kira lauyan nan naka," in ji Terrell. "Ka ce in wani abu ya taso kana nan."

"Ni? Ni gaisuwa na zo yi wa iyali bayan coci. Mota kuwa an saye ta a shagona kamar yadda kowa ke saye, kuma sunan mai ita na nan a rubuce." Ya kalli Renita. "Ba nawa ba ne, ba na yayanta ba ne."

Ya fita, ya ja ƙofa a hankali.

Kuna tsammanin Terrell ya farka? Ina. Sai ya juyo kanta, idonsa jajir.

"Reni, don Allah. In kika tsaya a kan maganar motar, ba su da abin kama ni da shi sosai. Ke mace ce, ƙarama, ba za su yi miki komai ba."

"Ka ji abin da mutumin nan ya ce min a gabanka."

"Wasa yake yi."

"Ka yi shiru, Yaya. Ya gaya min inda nake tsayuwa, ka yi shiru."

Ta ɗauki rigar sanyinta ta zura. Tsoro bai sake ta ba ko kaɗan. Tana tsoron jami'an, tana tsoron Haskell, tana tsoron ranar da unguwa za ta ce ita ta kashe wa yayanta rayuwa.

Mama ta sha gabanta. "Ina za ki?"

"Gidan Anti Vernice. A can zan kwana, ita za ta raka ni gobe. Abin da na sani zan faɗa, har da maganar tashar bas."

"In kika fita, kin gama da ni," in ji Terrell.

"Kai ka gama da kanka. Ni kawai na ƙi bin ka ne."

Ta zagaye Mama, ta fita, ta bugo ƙofar har gilashin taga ya amsa. Ta sauka matakala ba ta waiwaya ba, tana kuka, tana ƙara sauri.

Darasi: Duk wanda ya ba ka kyauta a ɓoye, wata rana zai zo karɓar kuɗinta a fili, kuma ranar da ta ɓaci shi zai fara cewa bai san ka ba. Kada ku sa hannu a abin da ba naku ba, ko da ɗan'uwa ne ya roƙa, kuma kada iyaye su sadaukar da ɗa ɗaya don rufa asirin wani. Ku tura wa 'yan'uwanku da ƙawayenku su karanta, wataƙila akwai wadda ake matsa wa yanzu haka.