Azumin Sabi'u da Ƙodar Wansa

Ku matso ku ji wata magana, in kun ji ku yanke hukunci, don ni dai ta gagare ni.

A Funtuwa akwai wani tela, Sabi'u, wanda ƙodojinsa biyu suka daina aiki. Yana cikin wahalar wankin ƙoda sai wansa Ɗahiru, manomi marar yawan magana, ya ce a ciri tasa guda. Matar Ɗahiru ta yi kuka har ta gaji, bai fasa ba. Aka yi dashe, Sabi'u ya miƙe. Likita ta ja masa kunne cewa jiki yakan yaƙi baƙuwar ƙoda, saboda haka magani safe da yamma ba fashi, kuma bana babu azumi.

To, an zo wurin. Mutumin da tun tasowarsa bai taɓa shan azumi ba, yanzu a ce ya kurɓi ruwa da rana a shago, abokan sana'a suna kallo? Kunya ta hana shi. Da wata ya kama sai ya ɗauki azuminsa a ɓoye, yana tsallake maganin safe. Amininsa Lawandi kaɗai ya gane, shi ma Sabi'u ya sa shi ya rantse ba zai faɗa ba.

Ranar gwajin jini ta zo, Sabi'u ya ce ba inda za shi, ga ɗinkin sallah ya yi masa yawa, kuma garau yake jin kansa. Ƙanensa Nafi'u, wanda bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba, ya kulle shagon a gaban jama'a.

"Yaya, ka zage ni in ka so, amma yau sai an ɗebi jininka."

Sabi'u ya bi shi yana huci. Sakamako ya fito, ga burbushin ƙodar Ɗahiru ya yi yawa a jinin, alamar jiki ya fara cin ta tun ciwo bai bayyana ba. Likita ta tambaye shi ko yana shan magani daidai, ya ce ƙwarai. Tana shirin neman dalilin a wani wuri, lokaci kuwa yana ƙurewa, sai Lawandi ya shigo, idonsa jawur.

"Likita, azumi yake yi. Gara in yi kaffarar rantsuwa da in ɗauki gawarsa."

Aka kwantar da Sabi'u, aka gyara magani, ƙodar ta tsira da ƙyar. Ya daɗe bai yi wa Lawandi magana ba, don tonon ya yi masa zafi. Amma abin da ya fi ƙona shi shi ne zuwan Ɗahiru, wanda ya zauna bakin gado, ya yi masa sannu, ya tashi bai ƙara ko kalma ba. Ranar Sabi'u ya yi kuka.

Bayan shekara matarsa ta haifi namiji, ya ƙudurta zai sa masa sunan wanda ya ceci ransa. Safiyar suna, Ɗahiru da Nafi'u da Lawandi suna zaune a tabarma ɗaya, liman ya sunkuyo ya ce, "Wane suna za a raɗa?" Sabi'u ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya rasa sunan wanda zai zaɓa.

Ɗaya ya ba da tsokar jikinsa, ɗaya ya keta kunyar yayansa a bainar jama'a, ɗaya ya karya rantsuwa. To, ku da kuke saurare, sunan wa ya kamata jaririn nan ya ci?